Gasar kamun walleye: in biya kuɗin shiga bana ko in ƙara koyo tukuna?

Abban Sadiq (Toledo):
Salamu alaikum jama'a, an tashi lafiya, ya sanyi? Shawara nake nema wajen manya musamman su Baffa da Injiniya. Tunda na dawo Toledo ta jihar Ohayo duk shekara in Maris ya shigo ina shiga kogin Maumee da wandon roba, a jera da mutane lokacin da kifin walleye ke haurowa daga tafkin Erie don zuba ƙwai, kuma Alhamdulillah hannuna ya fara faɗawa, amma a jirgi kam ba ni da wata gogewa. To yanzu wani abokin aikina ya matsa min wai in yi rijistar gasa a matsayin ɗan bayan jirgi, ba sai kana da jirginka ba, ƙuri'a ake yi a haɗa ka da ƙwararre ka shiga nasa. Raina na so wlh amma kuɗi ne ba kaɗan ba ga hutun aiki ga mai ga otal. In shiga bana ko in ƙara koyo? Kuma in zan shiga wane irin koto zan tara, don in ka shiga shagon kayan fatsa kai har juyawa yake, bango guda kifin roba ne kala-kala.

Baffa na Minisota:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq, ya iyali, ya Sadiq ɗin? Ni dai shawarata kada ka sayi komai tukuna. Abin da kake yi a Maumee abu ne mai kyau amma wata ɗaya ne ko biyu a shekara, kifin ya taru wuri guda, kana jefa ƙugiya mai yawo da wutsiyar roba da dalma a gabanta ruwa na jan ta har ta faɗa bakin kifi. Da zarar sun gama ƙwai sun koma tafki labari ya canza, sai ka nemo su. Kuma nemo su ɗin shi ne duk sana'ar.

Ka fara sanin halin kifin. Idonsa yana da wani shimfiɗi a baya da ke maido da haske, shi ya sa in ka haska shi da tocila da dare idon ke ƙyalli fari fat, kuma shi ya sa yake gani a inda ƙananan kifi ba sa gani. Don haka farautarsa da asuba ne da almuru, da ranar hadari, da ranar da iska ke kaɗa saman ruwa. Ranar da gari ya yi garau ruwa ya kwanta luf sai ya nutse ƙasa ko ya shige ciyawa. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya fi wanda ya cika akwati da kayan dala dubu bai san lokacin fita ba.

Koto kuma, mu nan daga buɗe kakar su a watan Mayu jig ne, wato ƙugiya mai kan dalma, da ɗan ƙaramin kifi mai rai, in ruwa ya fara ɗumi a koma matsattsaku, tsakiyar rani tana. Jig mai nauyin kashi ɗaya cikin takwas na oza ko kwata, gwargwadon zurfi da iska. Shi ke nan.

Injiniya Detroit:
Baffa ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Maganarka gsky ce amma ta tafkunan Minisota ce, shi kuma Abban Sadiq a bakin Erie yake. Erie ba Leech Lake ba ce. A Erie da rani kifin ba a ƙasa yake kwance ba, garke-garke yake yawo a tsakiyar ruwa yana bin ƙananan kifi, yau yana wajen tsibirai kusa da Port Clinton, kafin Yuli manyan sun yi gabas wajen ruwa mai zurfi da sanyi. In ka tsaya wuri ɗaya da jig ɗinka sai ka wuni baka ga komai ba. Ja da jirgi ake yi, a saki kifin roba irin su Bandit, Reef Runner, Husky Jerk ko Flicker Shad a bayan jirgi, a maƙala allon gefe a zaren ya janye shi nesa da jirgin, uku dama uku hagu, a riƙa tafiya a hankali mil ɗaya da rabi zuwa biyu da ɗan wani abu a awa. Ruwa mai sanyi a rage gudu, mai ɗumi a ƙara. Kuma ku a yawancin ruwayen Minisota sanda ɗaya doka ta yarda wa mutum in ba kan ƙanƙara ba, mu a Mishigan uku ne, to dole salon ya bambanta.

Ni ina ganin ya shiga. Kwana biyu a jirgin ƙwararre zai ga abin da shekara biyu ba zai gani shi kaɗai ba.

Abban Sadiq (Toledo):
Ngd sosai Baffa, ngd Injiniya. To Injiniya wannan allon ta yaya kake gane kifi ya kama tunda sandar ba a hannunka take ba?

Injiniya Detroit:
Ido zaka sa. Allunan suna tafiya a jere kowanne da 'yar tutarsa, duk wanda ka ga ya ja baya ya bar layin 'yan uwansa to akwai abu a ƙasa. Babban kifi wani lokacin har nutsar da allon yake ya ɓace ka daina ganinsa, ƙarami kuwa sai ka ja shi mil guda baka sani ba in ba ka saba ba. Daga nan ka ɗauki sandar ka naɗe a hankali ba fizga, in allon ya iso abokinka ya cire shi, kai kuma kada ka bari zaren ya saki ko na daƙiƙa ɗaya don a nan ne yawanci yake kuɓucewa. Abu mafi muhimmanci tsawon zaren da ka saki tsakanin allo da koto, shi ke yanke zurfin da koton zai nutsa, shi ya sa ake amfani da ril, wato abin naɗe zare, mai ƙirga ƙafa. In ƙafa 60 ta kama sau biyu sai ka mayar da sauran duk 60. Kuma koton ya bi ta saman kifin ko daidai da shi, kar ya bi ta ƙarƙashinsa, walleye sama yake kai hari.

Ɗan Damagaram a Fargo:
Sannunku 'yan uwa, Baffa barka da hutawa. Ku bari mu mutanen Dakota mu ma mu sa baki. Mu nan a tafkunan Sakakawea da Oahe akan kogin Missouri abin da ya fi ci shi ne wayar nan mai lanƙwasa da dalma a jiki, botom bansa, ita tana tafiya tana dungurin ƙasa bata maƙalewa a dutse, a bayanta zare kamar ƙafa huɗu zuwa shida da ɗan faranti mai juyawa da duwatsun ado sai ƙugiya biyu da tana a miƙe. Gudun jirgi mil ɗaya ko ɗaya da kwata. Ƙa'idar da aka koya min oza ɗaya ga kowace ƙafa goma ta zurfi. Ga sabon shiga babu abin da ya kai ta sauƙi wlh, ko yaro ka ba shi sanda zai kama. Akwai kuma ƙugiyar Slow Death ta kamfanin Mustad mai ɗan karkace, rabin tana kake sa mata sai ta riƙa murɗawa a ruwa, ranar da suka ƙi faranti ita suke ci. A Devils Lake kuwa cikin itatuwan da ruwa ya cinye, ƙwallon fatsa mai zamewa ake sa wa da matsattsaku a zauna a jira.

Baffa na Minisota:
Ɗan Damagaram ka faɗi gaskiya, kuma ka ga duk abin da ka lissafa mai rai ne a ƙarshen ƙugiyar. Injiniya ɗana ban ƙi taka ba, na san Erie daban take. Abin da nake gudar wa Abban Sadiq shi ne ya fara da ja da jirgi ya girma bai taɓa sanin cizon walleye a hannunsa ba. Wannan kifin ba ya fizga irin ta tarwaɗa. Kana ɗaga jig kana saukewa, sai ka ji ɗan tik guda ɗaya, wani lokacin ma babu tik ɗin, kawai ka zo ɗagawa ka ji nauyi kamar jiƙaƙƙen ganye ya maƙale, to shi ne, ka ɗaga da ƙarfi nan take. Yawanci lokacin da jig ke faɗuwa yake ɗauka, don haka kada ka saki zaren ya yi laƙo-laƙo, ka bi shi da kan sanda har ya taɓa ƙasa. Ko ɗaurin Lindy da su Al da Ron Lindner suka fito da shi a Brainerd tun 1968, ril a buɗe zare akan ɗan yatsanka, kana jin an taɓa ka sake shi ya tafi da koton bai ji nauyin dalma ba, ka ɗan jira sannan ka rufe ka ja. Wannan ilimin a yatsa yake zama, allo ba zai koya maka ba.

Maman Hanifa (Winnipeg):
Salamu alaikum, Baffa ina wuni. Ku maza kun cika maganar jirgi, mu nan rabin shekara akan ƙanƙara muke. Ni da Baban Hanifa muna fita tafkin Winnipeg a Fabrairu da Maris, a huda rami a zauna cikin tanti da hita. Walleye ɗin nan bayansa kore ne shar mai sheƙi ba ruwan gwal irin naku ba, in ya leƙo cikin ramin kansa ya cika shi sai gabanka ya faɗi. Kifin roba mai ƙara muke sakawa a rami ɗaya ya kira su, jig da gishirtaccen ƙaramin kifi a ɗaya ramin. Kuma a Manitoba dole ka matse ƙayar ƙugiyarka da filaya, ba a yarda da mai ƙaya ba, da farko mutane kan ga kamar za su yi ta asarar kifi amma in zarenka a miƙe yake ba ya zuwa ko'ina, ga saurin cirewa in zaka mayar da shi.

Abin da nake so in ce Abban Sadiq, ni gasar ce ma gaba ɗaya bata kwanta min ba. Manyan nan da ake ɗagawa ana hoto kusan duk mata ne masu ƙwai. Mu masu inci 15 zuwa 18 muke ɗauka na ci, sun fi daɗi ma, naman fari tas ba ƙarni, a yi masa yaji da ɗan gari a soya. Manyan mu mayar. A gasa kuwa manyan ake nema a zuba a tankin jirgi su wuni ana buga su da igiyar ruwa.

Injiniya Detroit:
Hajiya ai ana sakinsu bayan awo, kuma duk wanda ya kawo mataccen kifi ana rage masa maki, don haka kowa na kula da tankinsa.

Maman Hanifa (Winnipeg):
Ana saki kam Injiniya, amma nawa ne ke rayuwa bayan kwana biyu? Kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 jakar iskar cikinsa kumbura take, ka sake shi ka ga yana yawo a sama ciki a waje ya kasa nutsewa. Da ruwan Afrilu mai sanyi da sauƙi, amma a Yuli da Agusta ruwa ya yi ɗumi ko wanda aka saki nan take wani yana mutuwa balle wanda ya wuni a tanki aka sa shi a leda aka bi layin sikeli da shi.

Baffa na Minisota:
Maman Hanifa Allah ya yi miki albarka, abin da ke raina kenan. Mu nan mun ga abin da ya sami tafkin Red Lake, kifin ya ƙare ƙarƙaf har aka rufe kamun walleye a 1999, sai 2006 aka sake buɗewa bayan an zuba 'ya'yan kifi an jira. Tafkin Mille Lacs ma shekaru ana ta taƙaddama akan nawa za a ɗauka, akwai lokutan da ko ɗaya ba a yarda ka tafi da shi gida ba. Mutanen Erie suna cikin wadata yanzu saboda ƙyanƙyasar 2015 da 2018 da 2019 ta yi albarka, shida a rana ake ba ku masu inci 15 zuwa sama, amma wadata ba ta dawwama in ba a tattala ba.

Ɗan Damagaram a Fargo:
To ai akwai mafita kuma ana yin ta. Gasannin da ƙungiyar AIM ke shiryawa ba sa kai kifi sikeli sam. Ka kama, ka ɗora shi akan allon awo na hukuma, ka ɗau hoto, ka rubuta tsawonsa a kati, ka mayar da shi ruwa a wurin da ka kama shi. Daga baya su juya tsawon zuwa nauyi da jadawalinsu. Kifi bai bar ruwa ya fi minti ɗaya ko biyu ba. Ni in zan shiga gasa irin wannan zan shiga. Kuma da haka ake yi a Cleveland da abin kunyar nan na mutum biyun da suka cusa dalma a cikin kifi bai faru ba.

Abban Sadiq (Toledo):
Kai wannan abu, a wurin aikinmu sati guda ba a yi wata hira ba sai ita. Amma ban san ƙarshen shari'ar ba, an ɗaure su kuwa?

Injiniya Detroit:
An ɗaure su. Ranar 30 ga Satumba 2022 ne, gasar ƙarshe ta Lake Erie Walleye Trail a Cleveland. Jacob Runyan da Chase Cominsky suka kawo kifi biyar, shugaban gasar Jason Fischer ya ga nauyin da sikeli ya nuna ya fi ƙarfin girman kifin a ido, mutum ne da ya saba ɗaga walleye, ya matsa cikin ɗaya ya ji tauri, ya sa wuƙa ya farke a gaban jama'a sai ga dalma. Guda goma aka ciro, takwas masu oza 12 biyu masu oza 8, fam bakwai kenan cif, har da yankakken naman wani walleye da suka cusa. Dala 28,760 za su tafi da ita da ba a kama su ba. A Maris 2023 suka amsa laifi, a Mayu aka yanke musu kwana goma a gidan yari da tarar dala 2,500 kowanne, aka dakatar da lasisinsu na shekara uku, jirgin Cominsky na kusan dala dubu ɗari kuma hukuma ta ƙwace.

Amma Hajiya da Baffa ku duba, ai ɗan gasa ne ya kama su, kuma 'yan gasa ne suka fi kowa jin zafi. Mutum biyu ba za su ɓata sunan dubbai ba. Gasar Masters Walleye Circuit tun 1984 ake yin ta. Yawancin dabarun da muke amfani da su yau a gasa aka gwada su aka tace kafin su iso gare mu.

Maman Hanifa (Winnipeg):
Kwana goma wlh ya yi kaɗan. Ka tuna waɗanda suka zo na biyu a bayansu, mutum ya ɗau hutu ya ƙona mai ya sha sanyi da gaskiyarsa.

Ustaz Columbus:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina karantawa tun ɗazu, ni ba masunci ba ne sosai amma akwai abin da ban ga an taɓo ba kuma ya fi dalma nauyi a wurina. Abban Sadiq ɗan uwana, kuɗin da ake ba wanda ya ci daga ina yake fitowa? In daga kuɗin shigar da kowa ya zuba ne, aka tara aka ba mutum kaɗan sauran suka tashi a tutar babu, to ka tsaya ka yi tunani don wannan siffar ta yi kusa da caca ko da akwai gwaninta a ciki. In kuwa wani kamfani ne ko gari ya sa kyautar daga aljihunsa, kuɗin shiga kuma na hidimar shirya taron ne kawai, wannan magana ce daban. Ka samu takardar dokokin gasar ka karanta yadda ake raba kuɗin, ka kai wa malamin da ka yarda da shi ka zauna da shi. Ba hana ka nake ba, so nake ka shiga da natsuwa in zaka shiga.

Injiniya Detroit:
Ustaz Allah ya saka da alheri. Ni yadda na ɗauke shi gwaninta ce zalla, mutum ya yi sati yana binciken ruwa kafin ranar, ba ƙuri'a ba ce. Amma gsky yawancin manyan gasanni kuɗin shiga na cikin abin da ake rabawa, ba zan ɓoye wannan ba.

Ustaz Columbus:
To ka ga inda maganar take Injiniya. Gwaninta bata canza inda kuɗin ya fito.

Baffa na Minisota:
Dalilin da ya sa ni ban taɓa zuba kuɗina ba kenan, kallo dai ina zuwa wajen awo in an yi kusa da mu. Kuma tunda Injiniya ya kawo maganar gwaninta bari in faɗi abin da ke ci min rai. Wace gwaninta ta rage tunda LiveScope ya shigo, na'urar nan mai nuna kifi a ƙarƙashin ruwa kai tsaye? Tun 2018 da Garmin suka fito da shi, yanzu ga na Humminbird ga na Lowrance, mutum na tsaye a gaban jirgi kansa a sunkuye yana kallon talabijin, yana ganin kifin yana iyo ƙafa 60 a gabansa, ya jefa masa koton Jigging Rap ko ƙwallo da matsattsaku a ka, yana kallon yadda ya juyo. Da can sai ka karanta iska, ka karanta gaɓa, ka san inda dutse ya haɗu da laka, ka yi haƙuri. Yanzu yaro ɗan shekara ashirin da kuɗin babansa sai ya zo ya wuce dattijon da ya yi shekara arba'in akan tafkin. Kuma manyan matan nan da Maman Hanifa ke magana, da suna da mafaka a tsakiyar ruwa inda ba wanda ke nemansu, yanzu ɗaya bayan ɗaya ake tsince su.

Injiniya Detroit:
Baffa da girmanka amma a nan kam ban yarda ba. Ina da shi a jirgina kuma na rantse ganin kifi daban sa shi ya ci daban. Sau nawa zaka ga goma ka jefa musu su biyo koton har gindin jirgi su juya. Sai ka san nauyin jig ɗin da zai faɗi daidai gabansa, ka riƙe jirgi a iska da ƙafa ɗaya akan feda, ka bambance walleye da sauran kifi a allon, duk wannan koyo ne. Yaran nan da kake gani suna ci ba kuɗi kaɗai ba ne, awanni suke kashewa akan ruwa fiye da mu. Kuma lokacin da na'urar gano zurfi ta fara fitowa haka dattawan wancan zamanin suka ce, da GPS ya zo aka sake cewa haka. Shi kansa Lauri Rapala da ya sassaƙa kifinsa na farko a Finlan a 1936 ai sabon abu ya kawo. In ana tsoron ƙarewar kifi a rage adadin da ake ɗauka, wannan na yarda, amma kar a ce wanda ya iya na'ura bai iya su ba.

Ɗan Damagaram a Fargo:
Ni ina tsakiya. A kamun nishaɗi kowa ya yi abin da doka ta yarda. A gasa kuwa ya kamata a ware, wasu ranaku ko wasu gasanni babu na'urar, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu wurin shiga. Yanzu kafin ka haɗa allo da sandar na'urar da batirinta ka kashe dubban daloli, banda jirgin.

Baffa na Minisota:
Rage adadi kam ina bayanka Injiniya ɗari bisa ɗari. Sauran kuma mu bar shi a haka, in ka zo Mayu zan kai ka wata gaɓa a tafkin Winnibigoshish ka kashe na'urarka mu gwada. Kuma tunda an yi maganar dalma, don Allah duk mai iko ya koma jig na ƙarfen tangistin ko wanda ba dalma, tsuntsun ruwan nan loon da Minisota ke ji da shi yana haɗiye waɗanda suka tsinke a ƙasa, guda ɗaya tak tana kashe shi. Na tangistin ɗin ya fi tsada amma ya fi ƙanƙanta a nauyi ɗaya, kuma ka fi jin ƙasa da shi.

Abban Sadiq (Toledo):
Kai jama'a Allah ya saka, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Ga abin da na yanke. Bana ba zan biya ba. Maganar Ustaz ta tsaya min, zan nemo dokokin in kai wa limaminmu, kuma in ma ta yiwu irin ta awo da hoto zan nema kamar yadda Ɗan Damagaram ya ce. Kafin nan ina so in koyi jirgi. Injiniya in akwai wuri a naka watan Afrilu ni zan sayi mai in kawo abinci, Toledo zuwa Detroit awa ɗaya ce. Me zan zo da shi?

Injiniya Detroit:
Wuri akwai, Bismillah. A kogin Detroit ma jig zamu yi ba ja ba, Baffa zai ji daɗi. Amma ba irin nasu mara nauyi ba, ruwan yana da ƙarfi, ka nemo masu rabin oza, kashi uku cikin huɗu, da oza ɗaya, ka haɗo da tanar roba baƙa da ruwan ƙasa da kuma 'yar ƙugiyar baya mai baki uku da ake ratayawa don masu cizon wutsiya. Sanda gajeriya mai tauri kamar ƙafa shida, zaren kitso siriri da ɗan guntun zaren roba garai-garai da ake ce wa fuloro a ƙarshe. Duk aikin shi ne zarenka ya tsaya tsaye cak a ƙarƙashin sanda, ni zan riƙa bin gudun ruwan da ƙaramin injin gaba, kai kuma ka taɓa ƙasa ka ɗaga kamar taƙi ɗaya ka sauke, in ka bari ya kwanta ya ja ƙasa yanzu zaka maƙale ka tsinke. Ka yi shigar sanyi sosai da safar hannu, iskar kogin da asuba ba wasa, rigar ceto ina da ita. Da mun idar da sallar asuba zamu sauka ruwa.

Maman Hanifa (Winnipeg):
Ku mayar da masu ƙwan don Allah, Afrilu lokacinsu ne.

Injiniya Detroit:
In sha Allah Hajiya, mazan ƙanana sun ishe mu. Abban Sadiq kar ka manta lasisin Ohayo ba ya aiki a nan, ka sayi na Mishigan ta intanet tun kafin ka taso, akwai na kwana ɗaya. Kuma iyakar Kanada a tsakiyar kogin take, wasu ranakun ruwan ɓangarenmu ya yi laka na wancan ɓangaren ya fi tsabta kowa ya tsallaka, to can sai da lasisin Ontario kuma ba a yarda ka shiga musu da ƙananan kifi masu rai ko matsattsaku daga wannan ɓangaren ba, shi ya sa na ce roba. In kana so mu samu damar tsallakawa ka yi na Ontario ɗin ma, ka taho da fasfo ɗinka, ka turo min saƙo ta gefe mu tsayar da rana.